Ƙwan Kifin Inna Yana Hannunku

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Tantance Kayan Shigowa, na ofishin kwastan ɗin da ke riƙe da kwalina.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka da duk masu aiki a ƙarƙashinka. Allah ya taya ka riƙon amanar da ya ɗora maka.

Sunana Sa'idu. Manomi ne ni a wani ƙauye na ƙasar Kunci, inda gona take manne da gona, har in ka yi tari a taka maƙwabci ya yi maka sannu daga tasa. Gero nake nomawa da dawa da gyaɗa, sai ɗan wake a tsakani. Na yi firamare da ɗan abin da ya biyo baya, shi ya sa nake iya riƙe biro. Ban taɓa shigo da ko allura daga ƙasar waje ba, ban kuma taɓa zaton zan rubuta wa mai irin kujerarka ba. Na fito da maganar fili ne don na yi ta zarya ofishinku ban samu ganinka ba, abin da nake nema kuwa ba ya jira.

Na ɗaya: mai kayan.

Mahaifiyata, Inna Falmata, ba 'yar nan ba ce. A bakin Tafkin Cadi aka haife ta, 'yar masunci ce. Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, fataucin banda ya kai shi can, ya auro ta ya kawo ta ƙasar da babu kogi, sai kududdufin da ke ƙafewa kafin a gama sussuka. A nan ta tsufa. Ta koyi surfe da daka irin namu, ta koyi Hausa har ta fi mu iya baƙar magana. In Fulani masu kawo nono suka tsokane ta da wasan Barebari, sai ta rama da riba ta wuce abinta. Mu 'ya'yanta ba mu taɓa jin ta ce tana kewar gida ba.

Bayan kakar bara ciwo ya kwantar da ita. A asibiti aka ce tsufa ne ya haɗu da ciwon ciki, aka ba da magani, aka ce a yi ta lallaɓa ta ta ci abinci. Abinci kuwa ta ƙi shi. Tuwo, fate, kunun gyaɗa, farfesun kaza, babu wanda matata ba ta gwada ba. Sai ta ɗan taɓa ta kau da kai. Wata safiya, ba wanda ya tambaye ta, ta ce ƙwan kifi take so, mai gishiri, irin wanda babanta yake yi.

Na zauna a bakin gadonta ta yi mini bayanin da ban taɓa ji ba tun da ta haife ni. Ta ce idan lokacin da kifi ke ɗauke da ƙwai ya zo, babanta da kansa yake tsaga cikin manyan, ba ya bari a taya shi, don kada wuƙa ta taɓa jakar ƙwan. Jaka biyu ce a haɗe, kowace da siririn tantaninta. Sai ya wanke su, ya turbuɗa a gishirin Balma, ya jera a kan zana a inuwa, ya danne da katako. Kullum sai ya juya su, har su yi tauri su koma launin goro. In za a ci, a yanko kaɗan a marmasa a kan burabusko. Ta ce ɗan abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba yakan ishi akushi guda.

Daga nan ta zarce. Ta ba ni labarin ruwan da ba a hango gaɓarsa, da tsibiran ciyawa da iska ke korawa, ka kwana da tsibiri a gabas ka tashi ya koma arewa, da jiragen da ake ɗaurewa da ciyawa zalla su ɗauki mutum da kayansa ba su nutse ba. Tana faɗa muryarta tana daɗa ƙarfi, ni kuwa na saki baki. Na ɗauka na san matar nan ciki da bai. Ashe duk shekarun da ta yi tana tsinkar wake a gonarmu, da wannan ruwa take yawo a zuciyarta, ba ta taɓa ce mana uffan ba. Wallahi ranar tsoron Allah ya kama ni, na kuma ji kunyar kaina.

Na nema a kasuwar Bici, na nema a birni. Abin da na samu shi ne ɗanyen ƙwan tarwaɗar da ake kiwo a gidan gona. Na kawo, muka sa gishiri muka shanya yadda ta faɗa. Ta kalle shi ta ce wannan kifin a kwatami ya girma, a kai wa kaji. Hanyar garinsu kuwa ka san halin da ta daɗe a ciki, danginta duk sun watse.

Ina da 'ya mai sunan Inna, muna kiran ta Ummi. Tana aure a Masar, inda mijinta yake karatu. Da na faɗa mata a waya, sai na tarar ta riga ni sanin labarin tun tana ƙarama, wai kakarta ta sha ba ta shi in tana yi mata kitso. Ta ce ai a kasuwar garin da suke, a bakin teku, ana rataye irinsa birjik. Ta saya, ta shirya, ta aiko ta jirgin sama. Kwalin ya sauka a wurinku lokacin da muke shuka. Yau ga gero har ya fara fitar da kai.

Na biyu: yadda aka shirya kwalin.

A nan matsalar take, don haka zan yi bayani dalla-dalla.

Ƙwan da Ummi ta saya a jakarsa yake, da tantaninsa, an ma shafe shi da kakin zuma don ya daɗe. Da ta aiko shi a haka, na fahimci da tuni yana gida. Amma Inna ba ta da haƙori ko ɗaya. A gidanmu ba a miƙa wa tsoho abu mai tauri a bar shi da shi. Goro ma sai an goga mata, ƙuli sai an daka. Yarinyar nan a hannun kakarta ta tashi, ba za ta iya aika mata abin da sai ta nemi wani ya yanka mata ba. Sai ta zauna ta kankare kakin, ta ɓare tantanin, ta murje ƙwan da yatsunta har ya warware ƙwaya ƙwaya, ta tsince duk wata jijiya.

Sannan kuma tsaraba ce. Ranka ya daɗe, kai ma ɗan gida ne, ka san tsaraba ba ta shiga gida da sunan mutum ɗaya. In ka aika wa tsohuwa abu ba ka ware na ƙawarta ba, da na liman, da na surukai, da na maƙwabciyar da ke taya jinya, to ka ba ta aiki ne, don ba za ta kai shi baki ba sai ta raba, in ta raba kuwa nata ne zai ƙare. Ummi ta san haka. Sai ta sayi ƙananan kwalabe guda goma sha biyu iri ɗaya, don kada wani ya ce nasa ya fi na wani ƙanƙanta, ta zuba, ta rufe, ta liƙa wa kowace sunan mai ita da rubutun hannunta. Duk kwalin bai kai nauyin tiyar gero ba.

Ladabi ta yi, da hankali irin wanda muka koya mata. Ba ta san da wannan ladabin ta ɗauke kayan daga wani babi na dokarku ta kai shi wani ba.

Na uku: abin da na gani a wurinku.

Ba zan ɓoye maka ba, na zo ne da fushi. Na ɗauka zan tarar da masu son a ba su na goro. Ba haka na tarar ba, kuma ina so duk mai karanta wannan takarda ya sani: babu wanda ya nemi ko sisi a hannuna.

Da aka shiga da ni rumbun ajiyarku sai fushin ya bi iska. Ni da rumbun da na sani shi ne na gero, mai bakin da yaro ke shiga da ƙyar, sai ga ni a ɗakin da za a iya noma kadada a cikinsa, an jera kaya har rufi. Injina, magunguna, tufafi, tayoyi, abubuwan da ban san sunansu ba balle amfaninsu, kowane da takarda a goshinsa, kowane daga wata ƙasa. Na tsaya ina juyi kamar baƙon kasuwa.

Sannan aka nuna mini littafin da kuke aiki da shi. Aka ce duk abin da ɗan Adam yake saya ko sayarwa a bayan ƙasa yana da lamba a ciki, kuma farkon lambar iri ɗaya ne a Masar da nan da ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba. Na roƙa aka duba mini gero, ga shi. Gyaɗa mai ɓawo daban, ɓararriya daban. Zuma, fata, riɗi, citta, har jaki yana da gurbinsa. Mu da muke kasa daidaitawa a kan iyakar gona da ɗan uwanmu uwa ɗaya uba ɗaya, ashe akwai ranar da mutanen duniya suka zauna, masu yare daban da addini daban, suka yarda a kan lambar jaki. Na yi tasbihi ga wanda ya ba ɗan Adam wannan basira.

Aka kawo kwalina aka buɗe, aka ciro kwalba ɗaya. Ba a cire murfin ba, ɗaga ta kawai aka yi wajen haske. Ranar na fara ganin abin da mahaifiyata take kira. Ƙwayoyi ne ƙanana, ba su kai gero ba, launin goro da ɗan haske a cikinsu, cike da kwalba ba adadi. Ni manomi ne, na san iri. Na san abin da ake nufi in aka ce ƙwaya ɗaya ta zama zangarniya. Sai na tuna kowace ƙwaya a nan kifi ce sukutum, da idonta da ƙayarta da hanyar da za ta bi a teku, Allah ya naɗe su duka a abin da zai maƙale a ƙarƙashin farce. Kwalba ɗaya ta fi mutanen ƙauyenmu da na maƙwabtanmu yawa. Na ce Subhanallahi a fili, har masu aikin suka waiwayo.

Na huɗu: saɓanin.

Jami'ai biyu ne suka duba kayan, wani dattijo mai furfura da wata Hajiya mai tabarau. Ban san sunayensu ba, ko na sani ma ba zan faɗa ba, don ba ƙararsu na kawo ba.

Dattijon ya ce ƙwan kifi ne da aka sa wa gishiri aka busar, ba a dafa ba, ba a haɗa shi da komai ba, saboda haka gurbinsa babi na uku ne, tare da kifi da hantarsa da sauran kayan cikinsa. Ya nuna mini layin da yatsa. Hajiya ta ce da yana jakarsa da haka ne, amma tunda an raba shi da tantaninsa, an tsabtace, an zuba a kwalabe, ya koma babi na goma sha shida, inda ake sa wani ƙwan kifi na alfarma da manyan otal suke saya, da masu kama da shi. Sunan abin ya ƙi zama a bakina. Ita ma ta nuna mini nata layin. Ta ƙara da cewa kwalabe goma sha biyu iri ɗaya sun fi kama da samfurin ɗan kasuwa, in kuwa haka ne akwai wasu takardun da za a nema.

Na yi musu bayanin haƙoran Inna da na rabon tsaraba. Dattijon ya yi dariya ya ce tasa tsohuwar ma haka take. Hajiya ta cire tabarau ta ce ta yarda da ni ɗari bisa ɗari, amma littafin siffar kaya yake dubawa, ba niyyar mai aikowa ba. Na saurare su suna musu a kan tantanin da bai kai fatar albasa kauri ba, cikin natsuwa, kowa da hujjarsa, kamar malamai biyu a kan mas'alar gado. Ban taɓa sanin ana ba ƙaramin abu irin wannan hakkinsa haka ba. Na fita ina ganin duk su biyun suna da gaskiya.

Da suka kasa daidaitawa, suka rubuta maka, suka ce kai ne mai yanke hukunci.

Na biyar: ƙorafina.

Na koma gida na sayar da ragon da nake kiwo, na dawo na ce a caje ni a babin da ya fi tsada, a ba ni kayana. Aka ce ba a karɓar haraji sai an tabbatar da lamba. In aka karɓi mai yawa alhali kaɗan ne daidai, an zalunce ni. In aka karɓi kaɗan alhali mai yawa ne daidai, an ci amanar hukuma. Na jinjina wannan tsantseni, har yanzu ina jinjina shi. Amma, ranka ya daɗe, ni ne wanda ake gudun kada a zalunta, kuma ni ne nake roƙon a yi.

Tun daga nan, duk zuwan da na yi, amsa ɗaya ce: takarda tana kan teburinka. Wata rana an ce ka yi tafiya, wata rana kana taro. Ban ƙaryata ba. Wanda yake da alhakin duk kayan da na gani a rumbun nan ba zai rasa abin yi ba, kuma na san a cikinsu nawa ne mafi ƙanƙanta. Sai dai injina da tayoyi suna iya jira. Ƙwan da aka raba da kakinsa da tantaninsa ba ya jure raɓar damina. Hajiya da kanta ta ɗauke kwalin daga rumbu ta kai ofishinta inda ya fi sanyi, Allah ya saka mata da alheri. Ita ma mai kayan ba ta jure jira. Kowane zuwa sai na bar gona a tsakiyar noma, na bi ta Bici na shiga birni, na dawo hannu biyu, na tarar Inna ta juyo da fuskarta wajen ƙofa. Ummi kuwa ta daina kirana sai da kuka, tana cewa ita ce ta ɓata komai da hannunta. Na rasa yadda zan gaya wa 'yata cewa tarbiyyar da muka yi mata ba laifi ba ce.

Ba na cewa dokarku ba ta da kyau. Na gan ta da idona, ta fi ƙarfin in raina ta. Abin da nake cewa shi ne, littafin da ya tanadi gurbi ga kowane abu a duniya ya kamata a ce masu aiki da shi sun tanadi ƙofa ga abin da ba zai kai gobe ba.

Saboda haka ina roƙon abu uku.

Na farko, ka duba takardar da ke kan teburinka ka yanke hukunci. Duk babin da ka zaɓa na karɓa, ba zan ɗaukaka ƙara ba, kuɗin yana aljihuna.

Na biyu, domin na baya, a samar da hanyar da mai ƙaramin kaya irin nawa, mai lalacewa, zai ajiye kuɗi mafi yawa a matsayin jingina ya tafi da kayansa, in an gama bincike a yi lissafi. In akwai wannan hanyar tun da, to a sanar da na ƙasa da kai cewa ta shafi talaka ma.

Na uku, kafin in faɗe shi sai na ba ka labarin zuwana na ƙarshe. Dattijon ya ce bari a buɗe kwalba ɗaya a gani ko kayan ya fara lalacewa. Ya buɗe a gabana, aka ga gefe ya soma dunƙulewa amma da saura. Garin mayar da murfi, 'yan ƙwayoyi suka zubo a hannun rigata, na kakkaɓe ban kula ba. Da na isa gida na durƙusa ina gaida Inna, ban kai ga cewa komai ba sai ta kama hannun rigar. Ta ja shi zuwa hancinta da ƙarfin da ban san tana da sauransa ba. Ta daɗe a haka idonta a rufe. Sannan ta yi magana da Barbarci, yaren da ban taɓa jin ta yi a gidanmu ba, ta kira sunan babanta sau biyu. Ta sa na cire rigar na ba ta. Ta hana a wanke, tana nan a ƙarƙashin matashinta.

Ranka ya daɗe, yanzu Inna ba ta iya haɗiye komai sai ruwa. Ko ka sake kayan yau, ba ci za ta yi ba. To in hukuncin zai ɗauki lokaci, ka riƙe goma sha ɗaya, ka yi nazarinsu yadda doka ta ce, ka ba ni kwalba ɗaya in buɗe mata ta shaƙa. Ƙanshin da ke jikin rigar ya kusa ƙarewa, jiya ta ce wa matata ta daina jin sa sosai.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya kare ka daga hakkin kowa, ya albarkaci zuriyarka. In mahaifiyarka tana raye, Allah ya ja da ranta, ya sa ranar da za ta nemi wani abu a wurinka ya kasance a inda hannunka zai kai. In ta rasu, Allah ya haskaka kabarinta.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Sa'idu ɗan Inna Falmata,
daga ƙasar Kunci.